Daɓen motar ɗaukar dawaki: tambayoyin da masu doki suka fi yi mini a Tawa

Sana'ata ƙera bodin manyan motoci ce a nan Tawa, aikin katako da walda, kuma a gidan doki na tashi, don tun ina yaro akwai turke a ƙofar gidanmu. Da zarar sallah ta gabato, ko an sa ranar naɗin sarauta, ko za a kai dawaki sukuwa Yamai, sai masu doki da masu mota su yi ta zuwa da tambayoyi kusan iri ɗaya. Ga su nan da amsar da na saba bayarwa. Duk inda na ce "daɓe", ƙasan bodi nake nufi, wurin da doki ke tsayawa.

Motar da ke ɗaukar albasa tan goma, me zai sa ta kasa doki huɗu?

Buhu kwance yake, ya baje nauyinsa, kuma ba ya motsi. Dokinmu na nan mai kilo 300 zuwa 400 a kan kofato huɗu yake tsaye, kowane kofato bai wuce faɗin tafin hannu ba. Direba na taka birki sai nauyin ya tattaru a ƙafa biyu, a kwana ma wani sa'in ƙafa ɗaya ce ke tokare jikin gaba ɗaya. Ga ingarma mai zafin kai da zai yi ta dukan wuri guda da ƙafa tun daga nan har Dogon Dutse. Falle guda mai rauni a tsakiyar bodi ba ya hana albasa isa kasuwa, amma shi kaɗai ya isa ya karya ƙafar doki.

Abu na biyu, albasa ba ta fitsari. Rabin amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke.

Katako, tol (fallen ƙarfe) ko alminiyom, wanne ya fi?

In kuɗina ne da dokina, katako mai ƙarfi zan sa, in shimfiɗa roba a kai.

Katako ba ya ɗaukar zafi kamar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa hawa bodin tol ba takalmi a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Adar ke haura digiri 40, ya san abin da nake faɗa. Rana na dukan sa ta sama, kwalta da salansa suna gasa shi ta ƙasa. Katako kuma yana shanye gargada, ba ya ƙara, kofato yana kama shi. Ƙarar nan ba ƙaramin abu ba ce: dokin da bai saba mota ba, da ya ji ƙasa tana amo a ƙarƙashinsa sai ya fara rawar jiki, daga nan sai gumi, daga gumi sai santsi. Laifin katako biyu ne, yana shan fitsari ya ruɓe, gara kuma tana son sa.

Saboda garar nan ne mutane da yawa ke komawa tol, su ce sun huta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tol mai santsi da ya jiƙe da fitsari da kashi ba dabbar da ke iya tsayuwa a kai. Har mai zanen nan na ƙyalli da ake ganin kamar yana riƙe ƙafa, takalmin mutum yake riƙewa, kofato kuwa zamewa yake yi, balle dokin da aka buga wa ƙarfe. Sannan tsatsa daga ƙasa take ci da kuma bakin walda, inda ido ba ya zuwa. Wanda motarsa da tol ta zo, ba na ce ya cire ba, amma kada doki ya taka shi tsirara. Sai da roba mai kauri a kai.

Alminiyom ba shi da nauyi, ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, shi ya sa ake ɗauka ba ya mutuwa. Yana mutuwa, nasa salon ne daban. Fitsarin doki yana da kaifi irin na ruwan toka, in ya kwana a kan alminiyom sai ya bar farin gari da ƴan ramuka kamar sawun allura, a hankali su huda. Wurin da ya haɗu da ƙarfen shasi ma, in akwai laima a tsakani, shi ne ke cinyewa, don haka ake raba su da roba ko fenti mai kauri. Ga kuma wahalar gyara: waldarsa da injin daban ake yi, ba kowane mai walda na bakin hanya ke da shi ba. In ya tsage maka a Abalak, ka shiga uku.

To wane katako? Kuma kaurin nawa?

Ƴan katako suna kasa shi biyu, fari da ja. Farin mai sauƙin nauyi da ake kafa kankare da shi, ka ba shi hanya, komai araharsa. Ka nemi ja mai nauyi, irin su loko ko maɗaci, wanda in ka danna masa farce ba ya lotsawa, in ka buga shi da guduma yana amsawa da ƙarfi. Ka zaɓi fallayenka da hannunka ɗaya bayan ɗaya, ko a nan ne ko a kasuwar Katako ta Yamai. Falle mai ƙulli babba a tsakiya, ko mai tsaga a baki, ko mai farin gefe, a mayar da shi. Farin gefen nan ɓangaren da ke kusa da ɓawo ne, shi ƙwari ke fara ci. Wasu suna tambayar giginya don gara ba ta son ta. Gaskiya ne, amma tana da tsiko kamar allura, ya fi a bar ta ga rufin ɗaki.

Kauri santimita 4 zuwa 5. Sai dai kauri shi kaɗai ba ya tsayar da doki, sai da ƙarafan da aka gicciya a ƙarƙashi, waɗanda ni haƙarƙari nake ce musu. Fallaye suna bin tsawon mota, haƙarƙari suna ƙetarewa, kuma ba na son tazarar da ke tsakaninsu ta wuce santimita 40. Yawancin bodin da aka yi don kaya tazararsu ta fi haka, sai mun ƙara wasu. Kowane falle bakinsa ya sauka a kan haƙarƙari, kada ya tsaya yana reto a iska. A ɗaure da bulon mai kan lema, kan a sama ya kwanta lif da katako, noti a ƙasa. Ƙusa ba ta da wurin zama a nan, gargada na fiddo ta, ranar da ta soki kofato kuma sai fargabar tetanus, ciwon nan mai sandare jiki da ɗaure muƙamuƙi, wanda doki ya fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da shi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne bushewa. Katakon nan daga ƙasashen kudu masu laima yake zuwa, da ruwansa a jiki. Ka ɗaure shi yau, hunturu ya busa wata biyu, sai ka tarar kowane falle ya tsuke, tazarar da ka bari kamar kaurin ashana ta zama ta shigar yatsa, bulon duk sun saki. Ni ina jera shi a inuwa da ƴan itace a tsakani, iska na ratsawa, ya yi makonni kafin in taɓa shi. Mai gaggawa ba ya son jin haka. Ko da busasshe aka sa, bayan tafiya biyu ko uku a dawo a ƙara ɗaure noti.

Kwantarplake fa, allon nan na siraran katako da aka manne hawa-hawa, tun da ya fi sauƙin shimfiɗawa?

Na kabad da silin bai shiga wannan magana ba, fitsari na taɓa shi zai ɓare kamar albasa. Akwai mai baƙin rufi ko ruwan ƙasa, mai zanen raga a fuska ɗaya, wanda aka yi don daɓen mota, kaurinsa milimita 18 zuwa sama. Yana aiki in haƙarƙari sun matsu kuma an toshe bakin da aka yanka da ramukan bulon da fenti. Ta nan ruwa ke shiga. Abin da ya sa ba na saki jiki da shi, yana ruɓewa ta ciki fuskarsa na ƙyalli.

A haɗe fallaye gam ko a bar tazara?

A bar kaɗan, milimita 3 zuwa 5, don ruwa ya sami hanya, katako kuma ya sami wurin kumbura da damina. In ta fi haka, ƙurar hanyar birji da hayaƙin mota za su riƙa tasowa ta ƙasa zuwa hancin dabba. A duba inda salansa ta bi. In tana kusa da katako a sa tol a tsakani ya tare zafi, bakinta kuma ya fita gefe.

Roba dole ce? Wace iri?

A tafiyar cikin gari, busasshen katako da ɗan shimfiɗi ya wadatar. Amma Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni da Doso kusan kilomita 550 ne, yini guda doki na tsaye yana gyara tsayuwa a kowace kwana da kowane rami. Roba tana rage masa wannan dukan a gaɓoɓi, tana riƙe kofato, tana kashe ƙara. Dokin da ya yi tafiyar a kan roba da wanda ya yi ta a kan tol, wurin sauka za ka bambance su, na biyun sai ya fito yana taka ƙasa kamar mai tafiya kan ƙaya.

Kaurinta ya kai milimita 12 zuwa 18, mai zane a fuska. Siririyar da ake shimfiɗawa a ƙasan ƙaramar mota kofato ɗaya zai naɗe ta, kuma robar da ta naɗe ta fi babu haɗari. Mu nan abin da ya fi samuwa shi ne tsohon bel na injin masana'anta, wanda ke jan duwatsu ko siminti. Yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai fuskarsa ta goge, in ta jiƙe tana santsi, don haka sai an tsattsaga ta da wuƙar masu gyaran taya ko a zuba shimfiɗi a kai. Bel ko tsohuwar taya mai waya a ciki kuwa, ka shafa hannu a bakin yankan. In ta soke ka, za ta soki doki.

Shawarar da na fi nacewa a kai: a yanka robar gida-gida, yadda mutum biyu za su iya ɗagawa su fitar. Kada a manne ta da gam, kada a yi ta guda ɗaya tun daga kai har wutsiya. Robar da ba ta ɗaguwa ba wanda zai ɗaga ta, ƙarƙashinta kuma nan fitsari ke kwana. Haɗin gida da gida ya faɗo tsakanin doki da doki, ba daidai inda ƙafa ke tsayawa ba, a danne bakin ƙofa da ƙarfe mai faɗi don kada kofato ya shiga ƙarƙashi.

Mu yashi muke zubawa tun kakanni. Laifi ne?

Ba laifi ba ne, ni ma na zuba. Yashi yana hana santsi, yana shan fitsari, kuma kyauta ne a kowane ƙorama. Amma a san abin da ke tattare da shi.

Na farko nauyi. Bodi mai tsawon mita 6 da faɗin mita 2 da ɗan kai, in ka zuba yashi kaurin santimita 5, ka ɗora wa mota kusan tan ɗaya, nauyin doki uku ke nan da ba su biya kuɗin mota ba. Na biyu, jiƙaƙƙen yashi da aka bari a bodi shi ne babban abokin ruɓa da tsatsa, yana riƙe laima kwana da kwanaki yana kuma toshe tazarar da muka bari. Na uku, in aka zuba harawa a kansa doki zai ci da yashin, ya taru a hanji ya zama ciwon ciki. Harawa a rataye ta ko a sa a buhu, amma ƙasa-ƙasa. Doki na buƙatar sunkuyar da kai lokaci-lokaci don majina da ƙura su fito. Wanda aka ɗaure ragamarsa sama yini guda cikin ƙura, shi ne ke kwana biyu da sauka ya kama tari da zazzaɓi.

Saboda ƙurar nan nake guje wa garin katako mai laushi da ƙaiƙayin hatsi a buɗaɗɗiyar mota, iska na kwasar su ta zuba a ido da hanci. Ɓawon katako na injin fira, manya-manya, ya fi, a ɗan yayyafa masa ruwa. Bambaron shinkafa, wanda ƴan Yamai ke samu a bakin kogi, yana da taushi amma bai cika shan ruwa ba, kuma a kan tol zamewa yake yi gaba ɗaya kamar tabarma. In yashi ne, a sa mai tsakuwa-tsakuwa na ƙorama, ba rairayi mai tashi ba, kauri kaɗan a kan roba ko katako. Kuma a kwashe shi ranar da aka sauke, ba gobe ba.

Yaya ake wanke shi, kuma sau nawa?

Duk tafiya. A share shimfiɗin tas, a fitar da roba, a ajiye mota hancinta a kan tudu don ruwa ya gangara ta ƙofa, a wanke da ruwa da omo da tsintsiya mai ƙarfi. Lungunan gefe, inda daɓe ya haɗu da bango, su ne aikin, can ne kashi ke maƙalewa. Sannan a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar da roba. A nan Allah ya hore mana rana, in ba damina ba rabin yini ya isa. Wanda ya mayar da roba a kan jiƙaƙƙen katako, wankin nasa ɓarna ya ƙara.

Warin nan mai hawa ido da ke tashi in an ɗaga roba, fitsari ne ya rikiɗe ya zama amoniya. Yadda yake hawa idonka haka yake ƙona hanyar numfashin doki. Kada a zuba ruwan jabel, mai faranta kaya da kashe ƙwayoyin cuta, kai tsaye a kan fitsari, haɗuwarsu tana tayar da iska mai guba. Sai an wanke an ɗauraye, sannan a bi da jabel ɗin da aka sirka, a ba shi ɗan lokaci, a sake ɗaurayewa. A kan alminiyom kuwa a yi hattara da shi, yana cin sa.

Ta yaya zan gane daɓe ya mutu alhali a ido lafiya yake?

Da tsinin ƙarfe da tocila, kuma ta ƙasa.

Wannan ban koye shi a bakin kowa ba. Wata shekara ana saura kwana uku sallah wani dattijo, abokin mahaifina, ya kawo mota in shimfiɗa masa bel, zai ɗauko dawaki daga wajen Ƙonni. Na hau, na yi tsalle a kan katakon, ya amsa. Na ce, "Baba, daɓenka garau yake." Na yanka bel na shimfiɗa, ya yi kyau kamar ɗakin amarya. Ban shiga ƙarƙashi ba, aiki ya yi mini yawa, na ga kuma ba dalili. A hanyar dawowa, kafin Badagishiri, motar ta faɗa rami, ƙafar baya ta wata goɗiya ta ɓurma falle, bel ɗin ya lotsa ya bi ta. Allah ya sa ɗan barga yana baya tare da su, ya yi ta dukan kan mota har direba ya tsaya. Ƙafar ba ta karye ba, amma fata ta saluɓe tun daga dunduniya har gwiwa, goɗiyar ba ta yi hawan sallar ba, ba ta yi na gaba ba. Da aka kawo motar na kwanta a ƙasa na haska. Falle biyu daidai kan haƙarƙari sun yi baƙi, na tura tsinke ya shige kamar cikin dafaffen rogo. Sama kuwa kaurin yatsa ɗaya ne ya rage mai ƙarfi, shi na yi tsalle a kai. Dattijon bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ai kai ka ce mini garau yake." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ga yadda nake yi yanzu. In ɗaga roba duka. In bi kowane falle da tsini ina dannawa, musamman kewayen bulon, bakin fallaye, gefen bango da bakin ƙofa. Katako mai rai ba ya karɓar tsini, matacce yana haɗiye shi ko ya fito da ɓarɓashi mai laima. In bi da guduma, inda amo ya mutu in sa alli. Sannan in shiga ƙasa, don ruɓa ta fi son wurin da katako ya kwanta a kan ƙarfe, nan laima ke maƙalewa. Haƙarƙarin ma a buge su, tsatsar da ke ɓarewa falle-falle ta riga ta ci ƙarfen. In tol ne ko alminiyom, mutum ɗaya ya haska ta ƙasa da dare, ɗaya ya duba ta sama, duk inda haske ya ɓullo an huda.

Ka kuma san dabbar da motar ta saba ɗauka. Goɗiya baya take fitsari, don haka gefen bangon da gindinta ke fuskanta ne ke fara lalacewa. Ingarma kuwa ƙarƙashin cikinsa yake zubarwa, nasa ɓarnar a tsakiya take.

Wannan dubawa a yi ta kafin damina da bayanta, da kuma mako guda kafin kowace doguwar tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Baƙin mai na juyen inji yana kare katako?

Yana korar gara, ba musu. Amma a saman daɓe yana sa santsi, yana narkar da roba ta yi laushi ta kumbura, ba shi da kyau ga fatar dabba, kuma katakon da ya sha shi kusa da salansa abin tsoro ne. Maganin gara na katako da ake sayarwa a shagunan fenti ya fi, a shafa ta ƙasa da bakin fallaye kafin a ɗaura, a bari ya bushe warin ya fita.

Ba ni da mota, haya nake ɗauka. Me zan duba?

Tambayi abin da ta ɗauko jiya, kuma kada ka tsaya ga amsar, hau ka gani. Motar da ta saba ɗaukar gishiri, kanwa ko takin zamani, ƙarfenta ya ci wuya ko da fenti sabo ne. Wadda ta ɗauko siminti sai an wanke, ƙurarsa da fitsari suna ƙona fata. Ka bi bango da daɓe da hannu don ƙusa da waya da tsinin walda, a nan masu kaya ke ɗaura igiya.

In kuwa dabbobi ta ɗauko daga kasuwa, musamman jakuna ko wasu dawaki, wanki da magani ba zaɓi ba ne. Masu jakuna ba su manta da 2019 ba, shekarar da murar dawaki ta ratsa ƙasar nan ta kashe jakuna dubbai. Majinar dabba mai ciwo tana zama a kan katako da bokitin ruwa. Direba zai ce maka, "Alhaji, ai an share." Ka ce masa madalla, a kawo ruwa a sake a gabanka, kuɗin ruwan a kanka. Kuma ka mallaki robarka ta kanka, ka riƙa shimfiɗawa a duk motar da ka hayo.

Wurin hawa da sauka fa?

Raunin da na gani a nan ya fi wanda na gani a kan hanya yawa. Dokar Tarayyar Turai ta 2005 kan jigilar dabbobi ta ce gangaren da doki zai hau kada ya wuce digiri 20, kuma in ya wuce digiri 10 sai an gicciya masa sanduna na taka ƙafa. Ba dokarmu ba ce, amma ƙafar doki ɗaya ce ko'ina. In tsayin bodi daga ƙasa mita 1 da santimita 20 ne, gadar hawan sai ta kai mita 3 da rabi. Ƙofar baya da ake saukewa a ce ita ce gada ba ta kai rabin haka ba. Sandunan a jera su kamar taki guda-guda na hannu, a kan katako ko roba, kuma a duba maɗaurin ƙofar, don fitsarin da ke gangarowa a kansa yake ƙarewa.

Dabararmu ta gargajiya, a ja mota da baya a jingina da tudu ko a sa ƙafafunta na baya a rami, ta fi gajeriyar gada aminci nesa ba kusa ba. Sai dai a toshe ratar da ke tsakanin bakin bodi da ƙasa da falle mai kauri ko buhunan yashi. A taka ƙasar bakin tudun a ji ba ta zabtarewa.

Na sayi motar doki ta hannu daga Turai, daɓenta roba ce a manne. In bar ta haka?

Irin wannan zuba ta ake yi kamar kwalta ta kame da daɓen, ba ta da haɗi, ruwa ba ya ratsa ta muddin ba ta tsage ba. In lafiya take, ka more, wankinta ma ya fi sauƙi. Amma motar ta yi shekaru a ƙasar sanyi inda ake zuba gishiri a hanya, ta zo ta sha ranarmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ka bi gefe-gefe da gindin ginshiƙan raba dawaki, ka nemi tsaga, kumburi, ko wurin da ke lotsawa in ka taka da dunduniya. Da yawansu kwantarplake ne a ƙarƙashi. Tun da ba ta ɗaguwa, ta ƙasan mota kaɗai za ka san gaskiyarta. In ka sami wuri ɗaya mai laushi, a yanke a leƙa, kada a liƙa faci a kai.

Falle ɗaya ne ya lalace. Sai na canza duka?

In karyewa ya yi don wani abu ya faɗo masa, canza shi kaɗai, daga haƙarƙari zuwa haƙarƙari. In ruɓa ce, maƙwabtansa fitsari ɗaya suka sha, a cire na dama da na hagu a duba cikinsu. Abin da ba na yi ko an roƙe ni shi ne ɗora guntun katako ko tol a kan ruɓaɓɓen wuri a buga.

Motar sai sallah-sallah take aiki. Yaya zan ajiye ta?

A wanke, a fitar da roba a jingine ta a inuwa, rana na sa ta tsattsage. Kada a bar ragowar harawa ko buhu a ciki, kada kara ko itace ya jingina da bodi daga ƙasa, ta nan gara ke hawa, kuma aikin mako biyu ya ishe ta. Da damina a ɗaga gaban motar kaɗan, in an rufa tanti a bar gaba da baya a buɗe iska na wucewa. Duk wata a sa yaro ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko akwai jan layin ƙasa yana bin taya ko shasi zuwa sama. In ya gani ya kankare, a matsar da motar daga wurin.